Horar da Matasan Karkara Marasa Aikin Yi Sana'ar Noman Kifi-da-Lambu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata hanyar noma wadda ake haɗa kiwon kifi da shuka kayan lambu a cikin ruwa guda, sa'an nan ta duba irin horon da ya kamata a ba matasan karkara marasa aikin yi in ana son su riƙe ta sana'a. Turawa suna kiran wannan hanya akwafonik. Mu kuwa za mu kira ta noman kifi-da-lambu, domin sunan ya nuna abin da ake nufi.

Za mu fara da duban matsalar rashin aikin yi a karkara, sa'an nan mu bayyana yadda wannan noma yake gudana da kuma inda ya samo asali. Daga nan za mu yi lissafin abin da ƙaramin tanki yake iya samarwa, mu auna dacewar noman da yanayin ƙasar Hausa, kana mu kawo shawarar manhajar da za a bi wajen horarwa. Abin da muke son mu tabbatar shi ne, wannan sana'a ta fi dogara a kan sanin mai yin ta fiye da kayan aikin da aka ba shi. Saboda haka girman kifin da ke cikin tanki shi ya kamata ya yanke tsawon horon, tun daga ranar da aka zuba 'ya'yan kifi har zuwa ranar da aka kai su kasuwa.

2.0 Matasan Karkara da Rashin Aikin Yi

A galibin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da zarar an gama aikin kaka an kai amfani rumbu, saurayin da ba shi da fadama ko wata sana'ar hannu ya shiga zaman jiran wata daminar ke nan. Wannan shi ne tushen tafiya ci-rani, wadda ta daɗe a cikin al'adarmu. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne yawan jama'a da rabon gado, waɗanda suka mayar da gandun da a da yake ɗaukar gida guda ya koma 'yan gayauni da ba su isa ciyar da mai su ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a ƙarshen shekarar 2020 marasa aikin yi a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 kuwa sun kai kashi 42.5. A 2023 hukumar ta sake ma'auninta, ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki, sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a farkon shekarar. Ko wanne ma'auni aka ɗauka, saurayin ƙauye da ke aiki wata biyar ya zauna wata bakwai yana nan inda yake, kuma shi ne abin maganarmu.

Gwamnatoci daban-daban sun yi yunƙurin magance wannan matsala. An yi shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, da Juyin Noma a 1980, aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, aka kuma zo da shirin N-Power a 2016. A ɗaya ɓangaren kuma ƙasar tana da giɓin kifi mai faɗi. Ƙididdigar da Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta riƙa bayarwa a wajajen 2020 ta nuna ana bukatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da ake samarwa a gida bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance ƙwarai bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Ga hannaye zaune, ga kuma kasuwa tana neman kifi da ganye. Wannan ne ya sa masu tsara shirye-shiryen matasa suka soma waiwayar noman kifi-da-lambu.

3.0 Yadda Noman Yake Gudana

3.1 Halittu Uku a Ruwa Guda

Mai kallo daga nesa zai ga abu biyu, watau kifi da tsiro. A gaskiya halittu uku ake kiwo, na ukun kuwa ido ba ya ganin sa.

Idan kifi ya ci abinci yakan fitar da wani sinadari mai suna amoniya, galibi ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, saura kuma ta kashinsa. Amoniya guba ce ga kifin kansa. Wannan ne dalilin da ya sa masu kiwon tarwaɗa a tankunan siminti suke zubar da ruwa su sake sabo bayan 'yan kwanaki. A noman kifi-da-lambu ba a zubar da ruwan. Famfo ne yake tura shi zuwa wani kwami da aka cika da tsakuwa, inda wasu ƙwayoyin bakteriya suke zaune a jikin tsakuwar. Kashi na farko na waɗannan ƙwayoyi suna juya amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu suna juya naitirait ya koma naitiret, wanda ba ya cutar da kifi sai in ya taru da yawa, kuma shi ne abincin da tsiro yake nema a jikin taki. Saiwoyin tsiro suna shanye shi, ruwan ya koma wa kifi a tace, a sake zagayowa dare da rana.

Daga wannan bayani za mu ga cewa abincin kifi shi ne takin lambun, bakteriya kuwa ita ce gadar da ke tsakani. In ta mutu, kifi zai mutu da gubar jikinsa, tsiro kuma ya rasa abinci. Kowace halitta cikin ukun nan tana da yanayin da ta fi so, don haka ake neman tsaka-tsaki. A ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, ana son ruwan ya tsaya tsakanin 6 da 7. Ana son ɗuminsa ya kasance tsakanin digiri 18 da 30, oksijin da ke narke a ciki ya kai miligiram 5 a kowace lita, amoniya da naitirait kuwa kowanne ya gaza miligiram 1.

3.2 Ire-irensa

Akwai hanyoyi uku da aka fi sani. Ta farko ita ce ta kwamin tsakuwa, inda ruwa yake cika kwamin ya janye, ya sake cikawa ya janye, ta yadda saiwoyi za su sami ruwa da iska bi da bi. Ta biyu ita ce ta allo mai yawo, inda ake huda allon soso a dasa tsirrai, a ɗora shi bisa ruwa mai zurfi, saiwoyin suna reto a ciki. Ta uku ita ce ta bututu, inda ruwa ɗan kaɗan yake gudu a cikin bututun roba da aka huda aka jera tsirrai. Ta farkon ta fi dacewa da mai koyo, domin tsakuwar ita ce matata, ita ce gidan bakteriya, ita ce kuma madogarar tsiro. Sauran biyun suna bukatar tankin tace ruwa na dabam.

3.3 Asalinsa

Haɗa kifi da shuka tsohon abu ne. Manoman ƙasar Sin sun shafe fiye da shekara dubu suna kiwon kifi a gonakin shinkafa, har a 2005 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta sanya irin wannan noma na gundumar Qingtian cikin gadon noma na duniya. Amma tsarin zamani na tanki da famfo ya girma ne a Amurka. A shekarun 1980 Mark McMurtry ya yi gwaje-gwaje da kwamin yashi a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa. A Jami'ar Tsibiran Virgin da ke yankin Karebiyan kuwa, Dokta James Rakocy da abokan aikinsa sun shafe kimanin shekara talatin suna gyara tsarin allo mai yawo. Gonar gwajinsu tana da tankunan kifi 4 da kwamin lambu 6 masu faɗin murabba'in mita 214, tana kuma ba da karfasa kusan tan 5 a shekara. Suna zuba 'ya'yan kifi a tankunan bi da bi, ta yadda kowane mako shida tanki ɗaya yake isa kamu. A 2014 FAO ta buga littafin jagora a kan ƙaramin noman kifi-da-lambu, kuma daga ƙa'idojinsa ne muka ɗauko ma'aunan da ke cikin wannan takarda.

4.0 Lissafin Ƙaramin Tanki

Kafin a tara matasa a yi musu alkawari, wajibi ne mai horarwa ya zauna ya yi lissafi. Bari mu ɗauki tankin roba mai cin lita 1,000, irin wanda ake samu a kasuwanninmu.

Ƙa'ida ita ce kada nauyin kifin da ke cikin irin wannan tanki ya wuce kilo 20. Kifin da ya tasa yakan ci kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a yini, don haka za mu iya cewa giram 200 na abinci ne zai shiga tankin kullum. Kowane murabba'in mita na kayan ganye, irin su latas da alayyafo, yana bukatar takin da ke fitowa daga giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a yini. Masu 'ya'ya, irin su tumatir da tattasai, suna bukatar giram 50 zuwa 80. Ke nan giram 200 zai ɗauki murabba'in mita 4 zuwa 5 na ganye. Murabba'in mita guda yana cin tushe 20 zuwa 25, watau kimanin tushe 100 gaba ɗaya. Tun da latas yakan isa cira cikin mako huɗu bayan dashe, in aka raba dashen kashi huɗu za a riƙa cire tushe 25 a kowane mako.

Wajen ruwa, abin da yake tafiya ta tururi da shan tsirrai bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na ruwan a yini ba. In duka ruwan da ke zagayawa ya kai lita 2,000, ƙarin da za a yi kullum lita 20 ne zuwa 60, watau jarka ɗaya zuwa uku. Wajen wuta kuwa, famfo mai cin wat 50 da ke aiki sa'a 24 zai ci kilowat-awa 1.2 a yini, ban da ɗan injin hura iska.

Wannan lissafi yana nuna mana abu biyu. Na farko, tanki ɗaya ya isa ya wadata gida da ganyen miya da ɗan kifi, kuma ya isa ajin koyo. Na biyu, tushen latas 25 a mako da kilo 20 na kifi bayan wata shida ba za su riƙe saurayi mai shirin aure ba. Wanda zai ci abinci da wannan sana'a sai ya ninka tankin sau da yawa, jarin kuma ya ninku. Akwai shaidar da ke jan kunnenmu a nan. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun tambayi masu wannan noma na kasuwanci su 257 a 2013, galibinsu a Amurka, suka buga sakamakon a 2015. Kashi 31 cikin ɗari ne kaɗai suka ce sun ci riba a shekarar da ta gabata, kuma waɗanda suke haɗawa da sayar da kayan aiki ko koyarwa sun fi samun ribar. Lalle ne a gaya wa ɗalibi wannan tun ranar farko.

5.0 Dacewarsa da Ƙasar Hausa

Noman kifi-da-lambu ya fi amfani a inda ruwa ya yi ƙaranci, ko ƙasa ta gaji, ko fili ya yi tsada, kuma akwai kasuwa a kusa. Saurayin da ke da fadama a bakin kogin Hadeja ko Rima, ko fili a ƙarƙashin madatsar Tiga ko Bakolori, noman rani na gargajiya ya fi masa sauƙi da araha. Wanda wannan noma ya dace da shi shi ne na jigawa mai rijiya ɗaya, da na ƙauyukan da ke kewaye da manyan garuruwa, da kuma 'yan mata da matan aure, tun da yake ana iya kafa shi a tsakar gida.

Akwai abubuwan da ke taimakonmu. Nijeriya ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, don haka irin kifi da abincinsa da masu sayensa duk suna nan. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye da ita, abin da ya sa take jure ruwan da karfasa za ta mutu a ciki. Haka kuma ƙasar tana da tsofaffin cibiyoyin sanin kifi. An kafa gonar kifi ta Panyam a jihar Filato tun 1951, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa a jihar Neja, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji da aka fara a 1968.

Matsalolin kuwa guda huɗu ne manya. Ta farko ita ce wutar lantarki. In famfo ya tsaya, tarwaɗa za ta jure, amma bakteriya da saiwoyin tsiro suna bukatar oksijin, kuma amoniya za ta soma taruwa a tankin kifi. A karkara mafita ita ce faifan sola da batir, kuma tilas a sa kuɗinsu cikin jarin farko. Ta biyu ita ce yanayi. A bazara zafi yakan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe oksijin sosai, gubar amoniya kuma tana ƙaruwa da ƙaruwar ɗumi, latas ma yakan yi bututu ya yi ɗaci. A hunturu ruwa yakan yi sanyi da dare, kifi ya rage ci, girmansa ya ja baya. Ta uku ita ce tsadar abincin kifi, wanda yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin gudanar da kiwon. Ta huɗu ita ce irin ruwan da ake da shi. Ruwan famfo na gari yana ɗauke da kulorin mai kashe bakteriya, sai an shanya shi kwana biyu, ruwan wasu rijiyoyin burtsatse kuma yana da kanwa ko gishiri.

6.0 Manhajar da Muke Ba da Shawara

Abin da aka saba gani a shirye-shiryen koyar da sana'a shi ne bita ta mako ɗaya ko biyu a ɗakin taro, a raba takardar shaida da kayan aiki, a watse. Wannan tsari ba zai yi aiki a nan ba, domin bakteriyar kanta tana bukatar mako uku zuwa shida kafin ta zauna a tsakuwa. Ɗalibin mako biyu zai koma gida bai ga ko matakin farko ya kammala ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma haka magabatanmu suka koyar da ƙira da jima da su: yaro yana zaune gaban maigida har ya ga kowane yanayi na sana'ar kafin a yaye shi.

Muna ba da shawarar horo na wata takwas, daga Oktoba zuwa Mayu. Wannan lokaci ya faɗo daidai da zaman rani, ya haɗa hunturu da bazara, ya kuma saki ɗalibi kafin shukar damina. A raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum uku ko huɗu, kowane rukuni da tankinsa.

6.1 Zaɓen Ɗalibai

A fara da tambayar abin da ɗalibi zai koma ya tarar a gida: akwai ruwan da ba ya ƙafewa da rani, akwai fili mai samun rana, akwai kasuwar da za a kai ganye a ranar da aka cire shi. Karatun boko ba sharaɗi ba ne. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya iya ƙirga ya kuma iya rubutu da boko ko ajami. Ya kyautu a shawarci iyaye da masu unguwa, domin su ne suka san wanda yake da naci.

6.2 Mataki na Farko: Gini da Renon Bakteriya

A cikin mako shida na farko ɗalibai su gina tankinsu da hannunsu. Su yanka roba, su haɗa bututu, su wanke tsakuwa, su ɗiga mata ruwan tsami su gani ko za ta yi kumfa, domin mai kumfa tana da farar ƙasa kuma za ta hana ruwa daidaita. Su koyi kwance famfo da wanke shi, da haɗa faifan sola da batir. A wannan lokaci ne kuma za su koyi awon ruwa. Kayan awon ɗigo ne ake yi a ɗan kwalba a kwatanta launi da na kati, abin da kowa zai iya koya cikin yini ɗaya. Su riƙa awo suna rubutawa, har su ga da idonsu yadda amoniya take hawa ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, naitiret ya bayyana. Ɗalibin da ya ga wannan a littafinsa ya yarda da halittar da ido ba ya gani, kuma ba zai yi wasa da ita ba.

6.3 Mataki na Biyu: Kiwo da Shuka

Daga tsakiyar Nuwamba a zuba 'ya'yan tarwaɗa a soma dashe. Tarwaɗar da ta sami abinci mai kyau takan kai kimanin kilo guda cikin wata biyar zuwa shida, ko da yake sanyi yana jinkirta ta. Aikin kullum shi ne ba da abinci da awo, da kwashe wanda ba a ci ba bayan rabin sa'a, da duba motsin kifi, da share bututu. Aikin mako shi ne awon ruwa da dashe da cira. Aikin wata shi ne auna nauyin kifi, da ware manya daga ƙanana, tun da yake tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. A hunturu a shuka latas da kabeji da tumatir, a bazara a koma alayyafo da kuɓewa da ɗoɗɗoya, a kuma yi wa tankin rumfa.

A nan ne za a koyi karanta ganye. Abincin kifi ba ya ba da isasshen sinadarin ƙarfe da fotasiyam da kalsiyam. In sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyoyinsa suna kore, ƙarfe ne ya gaza. In gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe, alama ce ta ƙarancin kalsiyam. Har wa yau aikin bakteriya yana sa ruwa ya yi ta tsami a hankali, kuma ana iya gyara wannan da dakakken ɓawon ƙwai a ƙulle cikin ƙyalle.

Daɗin daɗawa, akwai ɗabi'u uku da sai an raba ɗalibi da su, domin a wajen da ya fito daidai ne. Manomin lambu ya saba fesa maganin ƙwari, a nan kuwa maganin zai gangara ya kashe kifi. Mai kiwon tarwaɗa ya saba zuba gishiri a ruwa in kifi ya yi rauni, a nan gishirin zai ƙone tsiro. Ya kuma saba zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda a nan zai kashe bakteriyar da aka yi mako shida ana reno. Kifin da ya kamu da cuta a ware shi ne a yi masa magani a wani mazubi, ƙwari kuma a tare su da raga da tsincewa da hannu. Muna kuma ba da shawarar malami ya kashe famfon wani tanki da gangan na 'yan sa'o'i, ya bar ɗalibai su gano, su dakatar da abinci, su juya ruwa da bokiti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.4 Mataki na Uku: Kasuwa da Lissafin Kuɗi

Tun daga cirar ganyen farko ɗalibai ne za su kai shi kasuwa. Su zaga wajen masu abinci da masu tsire da masu kwaɗo, su san abin da kowa yake saye da ranar da yake saye. Su koyi yin banda, domin kifin da bai sami mai saye yau ba ya jira gobe. Kowane rukuni ya riƙe littafin shiga da fita, wanda zai ƙunshi har da kuɗin da za a riƙa warewa don sauya batir da famfo. A ƙarshe kowane ɗalibi ya iya faɗin nawa kilo ɗaya na kifinsa ya ci.

6.5 Jarrabawa da Yaye

Jarrabawar wannan horo a bakin tanki take. A duba littafin awon ɗalibi, da yawan kifin da ya rayu cikin waɗanda aka zuba, da nauyin abincin da ya ba da a kan nauyin kifin da ya samu. A miƙa masa ruwan da bai san asalinsa ba, ya auna ya faɗi abin da ke damunsa da maganinsa. Bayan yaye, malami ya riƙa ziyartar ɗalibai a gidajensu har su yi kamun farko. Tun da yake mun ga tanki ɗaya ba ya riƙe mutum, ya fi kyau a haɗa su ƙungiyar gama-kai su yi tarayya a sola da sayen abinci da kai kaya kasuwa. Wanda jarinsa bai kai ba kuwa yana da mataki mai sauƙi da zai fara da shi, watau ya kiwata tarwaɗa a tanki ya riƙa ban ruwan lambun ƙasa da ruwan da yake sauyawa, maimakon ya zubar da shi a kwata.

7.0 Gudummawar Kwalejojin Ilimi

Babu shirin horon da zai fi malamansa ƙarfi. Kwalejojin ilimi suna da sassan koyar da aikin gona, kuma ɗalibansu su ne suke komawa makarantun ƙauye. Kwalejojin ilimi na fasaha irin na Bichi da Gusau da Gwambe da Fataskum suna da sassan sana'o'in hannu da ake bukata wajen haɗa bututu da lantarki. In kowace kwaleji ta kafa tankunan koyarwa ta sa ɗalibanta su raini kifi daga farko har ƙarshe, za a sami malaman da suka yi aikin da hannunsu. Irin wannan tanki yana kuma koyar da kimiyyar halittu da sinadarai da lissafi a wuri guda.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Littattafan wannan fanni galibinsu da Turanci suke. Ana bukatar ɗan littafin jagora da Hausa, a boko da ajami, mai zane da katin launuka, da kuma daidaita kalmomin fannin, domin kada kowace cibiya ta ƙirƙiro nata.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun nuna cewa noman kifi-da-lambu kiwon halittu uku ne a ruwa guda, yana tattalin ruwa ƙwarai, amma yana bukatar wuta da jari da kulawar kullum. Mun nuna ta hanyar lissafi cewa ƙaramin tanki na ciyar da gida ne da koyo, kuma sana'ar ba ta dace da kowane ƙauye ba. Mun kawo shawarar horo na wata takwas, da Hausa, a bakin tanki, tare da bibiya bayan yaye. Saurayin da aka ba tanki bayan bitar mako biyu, in kifinsa ya mutu, ya yi asarar ɗan abin da yake da shi, maƙwabtansa kuma da suka gani ba za su ƙara sauraron mai kawo musu sabuwar dabara ba. Don haka muna ganin gara a horar da ashirin su ƙware da a tara ɗari biyu a sallame su da takarda. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman masana kifi da masana manhaja da masana harshe, za su duba wannan shawara su gyara ta, a kuma gwada ta a wasu kwalejoji kafin a yaɗa ta zuwa karkara.